Datse bakin kaji a sati na 21: nazarin lamarin wata gonar ƙwai a gefen Garwa

Gonar da kajin, Oktoba zuwa Janairu

Gonar tana bayan garin Garwa, a arewacin Kamaru, ba nisa da kogin Binuwai. Mai ita wata Hajiya ce, Bahaushiya 'yar kasuwa, wadda ta daɗe tana saro ƙwai daga motocin da ke tasowa daga Bafusam tana rarraba wa masu shayi da masu shago. Ƙwai mai yawa da ake ci a arewacin ƙasar daga kudu yake zuwa, wani ma ya zarce Kuseri ya tsallaka Njamena, kuma kafin ya iso zafi da gargadar hanya sun ɗebi rabonsu. Lissafinta shi ne ta samar da ƙwan a gida, ta huta da fashewa da ruɓewa.

Ranar 14 ga Oktoba aka kawo mata 'yan tsaki 600 'yan kwana ɗaya, jajaye, irin masu ƙwai. Ba a taɓa bakinsu ba a inda aka ƙyanƙyashe su. Ɗakin kajin mita 8 ne a faɗi, 9 a tsawo, rufin kwano, bango rabi bulo rabi raga, an shimfiɗa buntun shinkafa a ƙasa. Ruwa yana zuwa ta bututun roba mai 'yan kawunan ƙarfe, wanda sai kaza ta taɓa da baki yake ɗigowa. Abinci kuwa a dogayen kwamaye na katako, tsawonsu duka mita 16, ana ci ta gefe biyu. Abincin gari ne da ake haɗawa a cikin gari: masara, ƙuli-ƙulin gyaɗa, tunkuzar angurya kaɗan, garin kifi, ɓawon kawa da sinadaran ƙari.

Ɗan ƙanenta, saurayi da ya gama sakandare, shi ke kula da kajin, kuma shi ke rubuta komai a littafi kullum: abincin da aka zuba, wanda ya rage, ƙwan da aka tsinta, kajin da suka mutu. Alƙaluman da ke cikin wannan nazari daga littafin nan suka fito. An yi rigakafin cututtukan Niyukasil da gumboro a kan lokaci. Hunturu ya wuce lafiya, kaji 578 suka kai sati na 16.

Fabrairu: kaji sun fara cin juna

Da hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai, sai saurayin ya lura gashin gindin wutsiyar wasu sagaru yana ƙarewa, ga shi babu gashin a ƙasa. Cinye shi ake yi. A sati na 18 aka ga jini na farko. Da ƙwai ya fara fitowa a sati na 19 abin ya koma dubura: kaza ta gama saka ƙwai, naman bai gama komawa ba, ta kusa da ita ta hango ja ta kai sara, sauran su rufa mata. Daga sati na 17 zuwa ƙarshen na 20 kaji 23 suka mutu ta wannan hanya. Wasu 40 masu rauni aka kwashe su zuwa wani tsohon ɗakin ajiya da ke gefe, aka shafa musu magani, aka ba su ruwa a kasko.

Yanayin ɗakin a lokacin: kaji takwas a kowace murabba'in mita, wurin cin abinci bai kai santimita 6 ga kowace kaza ba, alhali santimita 10 ake so, rana tana faɗowa kai tsaye ta ragar yamma daga azahar, akwatunan saka ƙwai 30 ne kacal, a buɗe suke cikin haske.

An ƙara gishiri a ruwa na kwana biyu, an rataya tsumman ja don ya ɗauke musu hankali. Saran bai tsaya ba. Azumin wannan shekarar ya faɗo cikin Maris, masu shayi sun riga sun fara tambayar ƙwai, kuma kowace safiya sai an fitar da gawa. Wani maƙwabci mai kiwo ya ce da ita: "Hajiya, ai kowa yanke baki yake yi. Ki kira mai yi a huta."

4 ga Maris: ranar datsewa

Mai yankan ya zo da na'urarsa mai zafafan reza ta lantarki. Ya yi kaji ɗari da wani abu aka ɗauke wuta, sai ya hura gawayi ya ci gaba da wuƙa. Ya fara da hantsi, ya gama bayan la'asar, wato a tsakiyar zafin rana. Kaji 515 aka datse. A yawancinsu an cire kusan rabin bakin sama da wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. A wasu yankan ya matso kusa da hanci, a wasu ya karkace. Ba a ba da bitamin K kafin aikin ba, wanda akan bayar don jini ya yi saurin tsayawa. Kaji 40 na ɗakin ajiya ba a taɓa su ba, don raunukansu ba su warke ba.

A ranar, kowace kaza tana cin giram 98 a yini, nauyinta a matsakaici kilo 1.62, kuma 22 cikin ɗari suna saka ƙwai.

Da yamma kajin suka ci abinci kusan yadda suka saba, har Hajiya ta yi wa mai yankan ƙarin kyauta. Washegari da rana suka yi cirko-cirko. Tara suka mutu cikin kwana uku saboda zubar jini. Saran juna kuwa ya tsaya cak.

Maris: magani uku, babu sauƙi

A satin farko ci ya faɗi zuwa giram 61, ƙwai ya koma 11 cikin ɗari. An ɗauka zafin yanka ne, kwana kaɗan zai wuce. Da sati biyu suka cika cin bai haura giram 74 ba, sai aka shiga neman dalili a wani waje.

Zargi na farko cuta. Mutanen yankin ba su manta murar tsuntsaye ba, tunda a Marwa aka fara ganinta a Kamaru a shekarar 2006, a jikin agwagi, ta kuma sake ɓulla a yankin Yamma a 2022. Amma kajin nan ba sa tari, zankonsu bai yi baƙi ba, mutuwar ba ta farat ɗaya ba ce. Duk da haka mai sayar da maganin dabbobi ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da bitamin a zuba a ruwa kwana biyar, sannan maganin tsutsar ciki. Babu abin da ya sauya, kuma daga baya aka gane rabin maganin ma bai shiga cikinsu ba, domin ruwan da suke sha ya ragu.

Zargi na biyu abinci. Garwa garin auduga ne, nan hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, tunkuzar angurya tana da araha, kuma an san tana ɗauke da gosifol, sinadarin da idan ya yi yawa yake rage ƙwai ya ɓata launin gwaiduwa. Zargin yana da kan gado. Aka cire ta gaba ɗaya aka sa waken suya. Kuɗin abinci ya hau, cin bai hau ba.

Na uku shi ne ya fi ɓarna. Ganin garin abinci yana maƙalewa a bakin kajin, sai aka ce a ba su ɓarzajjen masara da dawa tsaba, ai kaza da tsaba aka san ta. Aka kuma rage yawan abin da ake zubawa a kwami don kada a yi asara, ya zama ɗan shafe-shafe a kan katako. Cikin kwana huɗu ci ya sauko daga giram 74 zuwa 66. Saurayin ya rubuta a gefen shafi cewa kajin suna yini a bakin kwami suna sara, amma abincin ba ya raguwa.

A wannan wata zafin Garwa yakan haura digiri 40, don haka duk wanda ya leƙo sai ya ce zafi ne. Zuwa 31 ga Maris wasu 14 sun mutu a rame, saura 492, ƙwai 27 cikin ɗari.

1 ga Afrilu: awo da gwaji

Likitan dabbobin da aka kira bai fara da kajin da ke ciwo ba. Littafin ya karɓa, ya ga shafin kaji 40 na ɗakin ajiya: giram 104 a yini, ƙwai 80 cikin ɗari. Ƙyanƙyasa ɗaya, abinci ɗaya, zafin gari ɗaya.

"Hajiya, waɗannan me kike ba su da ba ki ba sauran?"

"Wallahi Likita, babu. Su ne ma marasa lafiyar."

Ya auna kaji 30 daga babban ɗaki, matsakaicin nauyi kilo 1.41. Da magariba ya shafa bororonsu, jakar abincin nan ta ƙasan wuya wadda ya kamata ta cika tim kafin kaza ta kwanta. Fiye da rabi babu komai sai ɗan ruwa. Ya buɗe gawa biyu, hanji da huhu da hanta lafiya lau, kitse ne babu. Ya buɗa gashin ƙarƙashin fiffike ya tarar da ƙuma jingim a jikin datsattsun, 'yan kaɗan a jikin masu cikakken baki.

Sai ya yi ɗan gwaji a kan faranti. Ya zuba ƙwayar ɓarzajjen masara 20 a gaban kazar da ta kwana da yunwa, saurayin yana ƙirga sara. Masu cikakken baki sun share farantin da sara ashirin da 'yan kai. Datsattsun sai da suka haura saba'in, wasu suka haƙura suka bar saura. Kaza takan kai sara daidai kan ƙwayar, ta ɗaga kai kamar ta ɗauka, alhali ƙwayar tana nan a faranti ko ta suɓuce gefe. Idan bakin ya bugi ƙarfe sai ta girgiza kai ta ja da baya. A bakin bututun ruwa ma haka: ta matso, ta taɓa sau ɗaya, ta janye.

Akwai sauran abu ɗaya da zai iya ruɗar da lissafi. Kajin ɗakin ajiya sun fi samun fili, ga inuwa, ga ruwan kasko. Don haka aka raba ɗakin ajiyar biyu da raga, aka sa datsattsu 20 a gefe ɗaya, aka mayar da fili daidai wa daida. Cikin sati ɗaya cin datsattsun ya tashi zuwa giram 81, na masu baki ya tsaya a 103. Likitan ya kuma yanke bakin gawa huɗu, da na kaza ɗaya mai cikakken baki da aka yanka don miya, ya sa a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa ya aika wani ɗakin bincike da ke yanka nama siriri don dubawa a madubin likita.

Afrilu: gyaran farko

Bai jira sakamako ba. An daina tsaba aka koma gari. An cika kwamaye har zurfin abinci ya kai santimita 5 zuwa 6, yadda baki zai nutse ba tare da ya bugi katako ba, aka ƙara wasu kwamayen na mita 10. An jera kasake da robobin ruwa a buɗe, ana sauya ruwan sau uku a yini daga randa, domin na bututu yakan yi zafi kamar an dafa. An ware kaji 47 da yankansu ya kusa hanci ko bakin ya karkace har ba ya haɗuwa, aka sayar wa masu gasa kaji. Saura 445.

Jiƙa abinci shi ne dabarar da ta fi tasiri, amma karon farko ta ba da matsala. Saurayin ya kwaɓa na yini guda da safe, kafin la'asar ya yi tsami, kashegari aka tashi da zawo a ɗaki. Likitan ya ce masa: "Ɗana, iya abin da za su cinye cikin awa ɗaya za ka jiƙa, sauran ka bar shi busasshe. Kwamin kuma a wanke." Aka tsayar da shi sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar. Tsakar rana ba a zuba sabon abinci, saboda narkar da abinci kansa yana ƙara wa jikin kaza zafi. Da tsakar dare ana kunna fitilar sola awa ɗaya da rabi su ci cikin sanyi.

An rufe ragar yamma da zana, an sa labulen buhu a akwatunan ƙwai, an ajiye rabin duro cike da yashi da toka don wankan ƙura, an kuma yi feshin maganin ƙuma. Zuwa 14 ga Afrilu ci ya kai giram 89.

Ƙarshen Afrilu: abin da madubin likita ya nuna

Bakin kaza hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai tauri na keratin, sinadarin da ke yin farce da ƙaho. Shi kam babu jijiya a cikinsa. A can ciki ƙashi. Tsakaninsu akwai siririn nama mai rai, cike da hanyoyin jini da jijiyoyin saƙo, kuma ya miƙe har kusa da tsinin baki. Wanda ya ɗauka datse baki da yanke farce abu ɗaya ne, ɓawon waje kawai ya gani.

A yankan bakin kazar da ba a datse ba, an ga abin da masana suka daɗe da bayyanawa. Cikin naman nan akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu jin taɓi, da yawansu ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Manyan su ne ƙwayoyin Herbst, waɗanda Bajamushe Gustav Herbst ya bayyana a 1848. Siffarsu kamar albasa aka raba biyu: ɓawo bisa ɓawo bisa ɓawo, da ruwa a tsakani, a tsakiya kuma zaren jijiya guda ɗaya wanda ƙwayoyin halitta suka jeru a gefensa sahu biyu. Wannan gini yana tace abin da ke isa ga jijiyar. Idan aka danna aka riƙe, ruwan yana rarraba nauyin, jijiyar ta yi shiru. Idan abu ya motsa ko ya girgiza, ko da sau ɗaruruwa a daƙiƙa, saƙon yana ratsawa. Da su kaza take sanin ƙwaya ta taɓa baki, ko ta fara zamewa. Ana samunsu a ganɗa da gindin gashin tsuntsu da ƙafafu, amma a baki suka fi taruwa.

Kashi na biyu ƙanana ne, suna kusa da sama. Ƙwayoyin halitta ne masu faɗi, biyu ko fiye, ɗaya bisa ɗaya, da kan jijiya a baje a tsakaninsu. A agwagwa da dinya suna da girma, an naɗe su cikin kube, ana kiransu da sunan Grandry, ɗan Beljiyam da ya bayyana su a 1869. Aikinsu jin saurin motsin abin da ke gogar fata. A kaza 'yan uwansu ne ƙanana, masu sunan Friedrich Merkel, wanda ya yi rubutu a kansu a 1875. Ban da waɗannan akwai zaruruwan jijiya tsirara masu jin zafi da sanyi da ciwo.

Inda abin ya fi tsari shi ne tsinin bakin ƙasa. A 1986 Michael Gentle da abokin aikinsa Breward, a cibiyar binciken kaji da ke Roslin kusa da Edinbura, suka bayyana jerin 'yan tsiraran nama 15 zuwa 20 da ke kutsawa cikin ɓawon keratin a daidai wurin. Kowane ɗaya yana da ƙwayoyin Merkel a sama, na Herbst a gindi. Ta haka taɓi yake ratsa ɓawo mai tauri ya isa ga jijiya. Saƙon yana bin jijiyar fuska mai rassa uku zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga nan ya wuce kai tsaye zuwa gabanta, ba tare da ya yada zango a tashar tsakiya da saƙon taɓi ke bi a jikin mutum ba. Kafin kaza ta cilla ƙwaya maƙogwaro, sai tsinin ya gaya mata ƙwayar tana ciki kuma ga inda ta tsaya. Ido yana kai baki wurin ƙwaya ne kawai, daga nan taɓi ke karɓar aiki.

Wannan baiwa ta fi ƙarfi a wasu tsuntsayen. Agwagwa takan cusa baki cikin taɓo ta rarrabe tsutsa da tsakuwa ba tare da ta gani ba, kuma masu bincike a jami'ar Yale sun nuna a 2014 cewa mafi yawan jijiyoyin fuskarta suna ɗauke da Piezo2, furotin ɗin da ke mayar da dannawa saƙon lantarki, wanda gano danginsa ya kawo wa Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Jinjimin da ke kiwo a bakin Binuwai ƙashin tsinin bakinsa cike yake da 'yan ramuka masu ƙwayoyin Herbst, yana jin motsin abin da bakin bai ma kai gare shi ba. Kaza ba ta kai su ba, amma tsarin ɗaya ne.

A bakuna huɗun da aka datse babu ko ɗaya daga cikin tsiraran nan. Ƙarshen dungulmin tabo ne mai kauri, ɓawon da ya rufe shi siriri. Ƙwayoyin Herbst 'yan kaɗan ne suka rage, can baya wajen hanci. A uku daga cikin huɗun an ga jijiyoyin da aka yanke sun sake tsirowa, sun rasa hanya cikin tabo, sun cukurkuɗe sun zama ƙulli, abin da likitoci ke kira niyuroma. Breward da Gentle sun nuna tun 1985 cewa irin wannan ƙulli a bakin kaza yana aika saƙo da kansa ba tare da an taɓa shi ba, kamar yadda ake gani a dungun mutumin da aka yanke wa gaɓa. Wani binciken da Gentle ya yi daga baya ya kuma nuna cewa bayan yanka akan sami lokacin da kaza ba ta nuna alamar ciwo, har kusan yini guda. Shi ne cin da suka yi da yammacin 4 ga Maris.

Mayu da Yuni: inda garken ya tsaya

Ruwan sama ya sauka, gari ya yi sanyi. Ranar 12 ga Mayu, ƙarshen sati na 30, ci giram 103, nauyi kilo 1.66, ƙwai 63 cikin ɗari. Ranar 9 ga Yuni ci giram 109, ƙwai 74 cikin ɗari, kuma daga nan bai ƙara hawa ba. Ƙwan kajin ɗakin ajiya a ranar yana kan 88 cikin ɗari. Ƙwan datsattsun ya daɗe yana ƙanana, masu shayi suna rage masa kuɗi.

An gwada komawa bututun ruwa kaɗai a Yuni. Shan ruwa ya ragu, aka mayar da kasake. An daina jiƙa abincin yamma ba tare da cin ya faɗi ba, na safe kuwa aka bar shi har aka sayar da garken. Ƙuma ta riƙa dawowa, sai da feshi a kai a kai, domin da tsinin baki kaza take tsefe gashinta ta cire ƙwari. Saran juna bai dawo ba, har a wurin masu cikakken baki.

Garke na biyu

A Oktoban da ya biyo baya Hajiya ta sayi 'yan tsaki 400 don wannan ɗakin dai. Ta tambayi ko za a samu waɗanda aka yi wa baki da hasken infared tun ranar ƙyanƙyasa, dabarar da ke sa tsinin ya bushe ya faɗi da kansa cikin sati biyu zuwa uku ba tare da buɗaɗɗen rauni ba. Mai kawo mata ba shi da su. Likitan ya datse su da kansa a kwana na 8, da sanyin safiya, bayan kwana biyu na bitamin K, ya cire ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na bakin sama, na ƙasa kuwa tsininsa kawai ya taɓa. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ma ba ta yarda a datse kajin ƙwai ba sai suna ƙasa da kwana 10, kuma binciken Lunam da Glatz a Ostareliya a 1996 ya nuna cewa ɗan yanka kaɗan tun ranar ƙyanƙyasa ba ya barin ƙullin jijiya idan kazar ta girma.

Zana da labule da wankan toka suna nan tun farko, ana rataya ganye kullum. A Fabrairu da Maris kaji uku saran juna ya kashe. Ƙwai ya kai 89 cikin ɗari a sati na 29.

Hukunci

Abin da ya karya garken farko datsewar 4 ga Maris ce, saboda lokacinta da zurfinta. A sati na 21 bakin ya gama ginuwa, don haka wuƙar ta cire ƙwayoyin taɓi da ba su sake tsirowa ba, ta bar jijiyoyi cikin tabo. Daga nan matsala biyu suka haɗu: kaza ba ta jin abin da ke bakinta, kuma taɓa abu mai tauri yana yi mata ciwo. Ta farkon ce ta sa tsaba ta gagara, ta biyun ce ta kore su daga ƙarfen bututu da katakon kwami. Abinci mai zurfi, mai laushi, da ruwa a buɗe sun yi aiki ne domin ba sa buƙatar tsini ba sa kuma bugun dungulmi.

Zafi da cunkoso suna da nasu kason, gwajin ɗakin ajiya ya auna shi: fili da inuwa da kasko sun ɗaga ci zuwa giram 81, amma tazarar giram 22 ta rage tsakanin kajin da ke numfashi a ɗaki ɗaya. Maganin cuta da cire angurya kuɗi ne aka zubar, kuma shafin kaji 40 ɗin yana cikin littafi tun makon farko, ba wanda ya gwama shi da na babban ɗaki sai bayan sati huɗu.

Mai yankan yana da laifin ci gaba da wuƙar gawayi cikin zafin rana, sai dai ko da wuta ba ta ɗauke ba, rabin baki a wannan shekaru ya yi yawa. Hajiya kuwa tana fitar da gawa kullum, kuma datsewar ta tsayar da saran kamar yadda aka yi mata alkawari. Zaɓin da ya fi a ranar shi ne a dushe ɗan tsinin sama kawai, a rage kaji ɗari da hamsin daga ɗakin, a rufe ragar yamma, a sa wa akwatunan ƙwai labule. Kajin ɗakin ajiya, da bakinsu cikakke, ba su kashe ko ɗaya ba tun daga ranar da aka shigar da su inuwa.